Wuƙar daji mai araha: kwalliya a waje, ha'inci a cikin ƙota

Abin da masu ƙera wuƙaƙen shiga daji da dillalansu suke yi wa mutane ya isa haka. Ina maganar wuƙar nan tsayayya da ba a naɗewa, wadda ake zurawa a kube a rataya a ƙugu, wadda mafarauci da makiyayi da mai kwanan daji suke dogara da ita wajen fiɗa, sassaƙa turaku, yanka igiya da tsaga ƙirare. Araha ba laifi ba ce. Laifin shi ne ɗan kuɗin da aka ware wa aikin an zuba shi a baƙin fenti, haƙoran zarto a bayan wuƙa da zanen kan damisa, aka bar ƙarfe da ƙota da kube a wulaƙance.

Masu yabonta ma suna da nasu alhakin. Mutum ya ciro wuƙa daga kwali, ya aske gashin hannunsa, ya yanka takarda, sai ya shiga gaya wa duniya babu kamarta. Kowane ƙarfe yana ɗaukar kaifi ranar farko. A sassaƙa turaku goma na busasshen icce da ita tukuna, sannan a zo a yi magana.

Mafi yawan wuƙaƙen nan da 3Cr13 ko 420J2 ake yin su, ƙarfen da kabon ɗinsa bai wuce kusan kashi 0.3 cikin ɗari ba. A gwada da 12C27 mai kashi 0.6, ko 1095 mai kusan 0.95. Kabon ne ke ba ƙarfe damar yin tauri, shi ya sa wuƙar kirki take kai 57 zuwa 59 a ma'aunin taurin ƙarfe na HRC, waɗannan kuwa da ƙyar su wuce 54. Wasu kuma su buga "440" a jiki su yi shiru. Wane 440? Akwai 440A da 440B da 440C, kuma tazarar kabon tsakanin na farko da na ƙarshe babba ce. Wanda ya ɓoye harafin ya san dalilinsa.

Ko ƙarfen yana da kyau, zafin wuta yana iya kashe shi. Bayan an gasa shi an tsoma a mai, ana sake ɗumama shi a wajen digiri 200 na ma'aunin Celsius don ya rage gautsi. To a masana'antar gaggawa, sai a fitar da baki a kan inji busasshe, ba ruwa, siririn bakin ya yi zafin da ya wuce wancan, taurin ya tafi. Shi ya sa baki yake lanƙwashewa gefe ɗaya da ya taɓa ƙashi, ko ya riƙa ɓantarewa ƙanana-ƙanana. Sai an wasa ta a dutse sau da dama kafin a cinye ƙonannen wurin. Mai kai wuƙa wurin mai inji a kasuwa ya lura: da zarar bakin ya yi launin ruwan ƙasa ko shuɗi, an sake ƙona shi.

Amma inda ha'incin ya fi ci min rai shi ne cikin ƙota, domin ido ba ya kaiwa wurin. Wuƙar aiki, ƙarfenta ya kamata ya zarce cikin ƙota da faɗi, ko dai har ƙarshe a ga gefensa tsakanin katako biyu, ko aƙalla ya ci kashi uku cikin huɗu na tsawonta. A waɗannan wuƙaƙen, ƙarfen yakan tsaya da ɗan santimita biyu ko uku, sai a yi masa walda da siririn rodi mai zare, a ɗaure da noti a gindi. Ƙusoshin da kake gani a jikin ƙotar sau da yawa kawunan ado ne aka manna, ba su huda komai ba. Wasu kuma ƙotar rami ce, wai ma'ajiyar ashana da ƙugiyar kifi, da ɗan kamfas a murfi, ƙaramin noti guda ne ke riƙe da dukan wuƙar. Ka ɗora ta a kan icce ka buga bayanta da sanda don tsagawa, a daidai waldar nan take ɓallewa, ko a kafaɗar da aka yanke da kusurwa mai kaifi maimakon a zagaye ta. Kuma ba ta yin gargaɗi. Ƙarfe ya yi tsalle, hannu ya zame gaba da ƙarfinsa, a dajin da asibiti yake da nisan sa'o'i. Wannan wasa da jinin mutane ne.

Kuben ma haka. Leda mai laushi ko fatar roba, an ɗinke gefe da zare ba tare da an sa tsirin fata a tsakani ba, sai baki ya riƙa cin zaren duk shiga da fita har tsini ya leƙo. A ƙugu ake rataya ta, kusa da cinya, inda babbar jijiyar jini take. Igiyar maɓallin kuma an sa ta a hanyar kaifi, ita ma ta tsinke. Babu hudar fitar ruwa a ƙasa, don haka damina ɗaya ta isa tsatsa ta kama, domin ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa jurewa kawai yake yi, jini da gishiri da laima suna cin sa.

Haƙoran zarton bayan kuwa ba sa yanka icce, sai tsaga babban yatsa da cinye sandar bugu. Kauri kuma har milimita 5 ko 6, da baki mai faɗin kusurwa, wuƙa ta koma 'yar gatari, ba ta iya yanka albasa sai dai ta fasa ta.

Kada wani ya ce min ai kuɗin ne ya kawo haka. Morakniv Companion da ake yi a garin Mora na ƙasar Suwidin tana cikin wuƙaƙe masu araha a duniya: tsawon ƙarfe kusan santimita 10, kauri milimita 2 zuwa 2.5, ƙotar roba, kuben roba mai tauri da hudar ruwa. Ba ado, amma tana riƙe kaifi. Maƙeranmu ma da suke ƙera wuƙa da tsohon sifirin mota suna fitar da abin da ya fi waɗannan amana. Wuƙar maƙeran tana tsatsa, gaskiya ne, amma a wanke, a shanya, a shafa man kaɗe ko man gyaɗa kaɗan, shi ke nan.

Kafin ka biya, riƙe ƙota da hannu ɗaya, ka matse bayan ƙarfen da ɗaya, ka murɗa. In ka ji ko ɗan motsi, ajiye. Ka bi jikin ƙota da ɗan maganaɗisu, in ƙotar ba ta ƙarfe ba ce za ka ji inda jan ya ƙare. In da noti a gindi, ka nemi a kwance a gabanka ka ga waldar. Ka goga magagari a hankali kusa da baki: a ƙarfe mai tauri zamewa yake yi, a mai laushi kamawa yake yana fitar da gari. Sai ka zura ta a kube, ka kife shi ƙasa nesa da ƙafarka, ka girgiza. Dillalin da ya hana ka ko ɗaya daga cikin waɗannan, mayar masa da kayansa.