Haɗin kemis na ɓula cikin mutane, mu kuma muna zargin yaji

Tun da aka tashi dillalan magunguna daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024, maganar hukumomi a Kano ba ta wuce jabu da kayan maye. A kama tiramol, a ƙona kwalaben kodin da aka haramta tun 2018, a kira 'yan jarida su ɗauki hoto. Madalla. Abin da ke ba ni haushi shi ne darasin da jama'a suka ɗauka daga wannan hayaniya: wai duk ƙwayar da take ta gaske, mai lambar NAFDAC, wadda ba ta bugarwa, to lafiya lau ce.

Ƙwayoyin da suke kai mutane asibiti suna aman jini ba jabu ba ne. Ibuprofen ne, da diklofenak, da Felvin, da asfirin, har da garin Alabukun, wanda shi ma asfirin ne aka haɗa da sinadarin kafeyin irin na kofi. Lebura ya tashi daga aiki, ɗan adaidaita ya wuni a kan hanya, tsohuwa mai ciwon gwiwa ta aiki jikanta, duk maganar ɗaya ce: "Mai kemis, a haɗa min na ciwon jiki." Shi kuma sai ya ɓallo uku ko huɗu ya ƙulle a leda, babu suna, babu kwali. Sau da yawa biyu daga ciki 'yan gida ɗaya ne, aikinsu ɗaya, illarsu ce kawai ke ninkuwa. Idan ya ɗora deksa (deksametason, maganin rage kumburi) a kai, ya ƙara wa wutar fetur.

Yadda abin yake faruwa ba sirri ba ne. Tun 1971 John Vane ya gano cewa wannan dangin magani yana kashe ciwo ne ta hanyar hana jiki samar da sinadarin furostagilandin. To shi wannan sinadari shi ne kuma yake sa tumbi ya yi majinar da ke kare bangonsa daga ruwan tsamin da ke narka abinci. Ka hana shi, ka bar nama tsirara. Saboda ta jini maganin ke bi, cin tuwo kafin a haɗiya ba ya kawar da haɗarin, allurar diklofenak ma da ake yi wa kallon mafita haka take. Mafi muni, gyambon da waɗannan ƙwayoyi ke jawowa yakan girma shiru, domin abin da ke yin ɓarnar shi ne ke danne zafin. Alamar farko ga wasu ita ce baƙar bayan gida kamar kwalta, ko jiri, ko aman jini. Wanda ya haura shekara 60, ko ya taɓa yin olsa, ko yake shan maganin tsinka jini, shi ne a sahun gaba.

Amma ka tambayi mai olsa me ya jawo masa, zai ce yunwa, ko yaji, ko azumi. Wannan tatsuniya ta daɗe da mutuwa a wajen masana. Barry Marshall da Robin Warren sun karɓi kyautar Nobel a 2005 saboda sun nuna ƙwayar cutar Helicobacter pylori ce ke haddasa yawancin gyambon ciki, kuma masu bi mata a wannan ɓarna su ne waɗannan magungunan ciwon jiki. Yaji zai iya tayar da zafin, ba shi ne ya huda ba. Mu kuwa sai mu hana mutum barkono, mu ba shi madara, ya ci gaba da shan haɗinsa kowane dare.

Masu cewa talaka ba shi da kuɗin ganin likita, don haka a bar masa kemis, su gaya mana nawa ne ledar jini da gadon asibiti.

Ba na kiran a haramta ibuprofen, magani ne mai amfani idan an sha shi daidai. Haɗi ne ya kamata Hukumar PCN, mai sa ido kan masu sayar da magunguna, ta ɗauka a matsayin laifin da ke rufe shago. Kowace ƙwaya ta fita da sunanta. Mai ciwon jiki na gajiya ya fara da farasitamol, wanda ba ya cikin wannan dangi. Wanda kuma dole ya daɗe a kan su ibuprofen saboda ciwon gaɓoɓi, likita ya haɗa masa da omefirazol mai rage ruwan tsamin ciki, kuma gidajen rediyo su riƙa faɗa wa mutane cewa baƙar bayan gida ta asibiti ce a ranar, ba ta jiƙo ba.