Tallafin aikin aji ba kuɗin hannun malami ba ne

Malaman firamare da yawa a Garwa da Marwa, a ƙasar Kamaru, suna zaton in suna da dabara, misali lambun makaranta ko ɗan ɗakin karatu, za su rubuta wa magajin gari, wato shugaban ƙaramar hukuma, takarda ya miƙo musu kuɗi. Ba haka abin yake ba.

Da sunan makaranta ake nema. Darakta ya sa hannu, majalisar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai ta APEE su amince, takardar ta bi ta wajen sufeto. A haɗa da takardar farashi: buhun siminti nawa, littafi nawa, kowanne da kuɗinsa a sefa, da yawan yaran da za su amfana. In an amince, galibi kaya ake kawowa ta hannun ɗan kwangila.

Lokaci shi ne ya fi kayar da mutane. Makaranta tana buɗewa a Satumba, amma kasafin ƙaramar hukuma daga Janairu yake zuwa Disamba, ana kuma amincewa da shi kafin shekara ta fita. Takardar da ta iso a Fabrairu sai dai ta jira baɗi.

Sakandare kuwa, dokar ƙananan hukumomi da yankuna ta 2019 ta sa ta ƙarƙashin majalisar yanki, can za a kai buƙatarta.