Wace Ce Take Kuka?

Muna aji biyar a sashen injiniyancin sinadarai aka ba ni aikin zana hasumiyar tacewa, wadda za ta raba wasu sinadarai biyu masu ruwa-ruwa, benzin da toluwin. A baki abin ba wuya: benzin yana tafasa a digiri 80, toluwin sai wajen 111, mai saurin tashi ya hau sama, mai nauyin jiki ya zauna ƙasa. Kwana uku ina kokawa da Aspen Plus, manhajar kwamfutar da ke yin irin wannan lissafin, ran na huɗu da asuba lissafi ya zauna. Na je wajen mai shayi na ce a fasa min ƙwai uku, ni a dole injiniya.

Malam ko kallon benzin ɗina mai tsarkin kashi 99 bai yi ba.

"Kashi nawa ne na ambaliya?"

Na yi tsuru-tsuru. Ashe abin da na lissafa rabuwar sinadaran ce kawai, ban tambayi ƙarfen ko zai iya ɗaukar kayan ba.

Cikin hasumiyar tire ne jere, wani bisa wani, kowanne da hudoji kamar madambaci. Tururi yana kutsawa sama ta hudojin, ruwa yana bi ta kan tiren ya gangara ta wani ɗan indararo zuwa na ƙasa. In tururi ya yi ƙarfi da yawa sai ya kwashi ruwan ya koma da shi sama, indararo ya cika, komai ya cakuɗe. Wannan ita ce ambaliya, kuma masu aikin suna tsayawa wajen kashi 80 na iyakarta. Tawa hasumiyar mai faɗin mita 1 tana kan kashi 140. Allon ya yi ja wur.

Ina cikin wannan jimami Umma ta kira, ga shi watan Agusta ne.

"Ya karatu?"

"Umma, ambaliya ce ta same ni."

Salati ta saka, ta ce in ɗora takardun shaidata a kan kabad. Kafin in yi bayani kuɗin wayarta ya ƙare.

Na koma da zuciya, na ce tunda matsi ne ciwon, bari in yi mata yalwa irin ta gidan sarki: mita 2.5. Ambaliya ta faɗo kashi 22. Har na fara murmushi, sai ga wani gargaɗin. Yanzu tururin ya bazu, ya yi laƙwas, ya kasa tallafe ruwan, ruwa yana ta ɗiga ta hudojin da aka yi domin tururi. Turawa suka rasa sunan da za su ba wannan yoyon sai "kuka". Ni dai na ga sun kyauta, don a lokacin mu biyu muke yi.

Da magariba Umma ta sake kira, ta tara ƙannena ana ta addu'a.

"Ruwan ya janye?"

"Ya janye, Umma. Yanzu kuka take yi."

Shiru. Sai da na duba ko layin ya yanke.

"Wace ce?"

"Hasumiyata."

"Hasumiya? 'Yar gidan waye? Karatu muka tura ka ko sa 'ya'yan mutane kuka?"

Washegari na tsayar da faɗin a mita 1.35, ambaliya kashi 77, ba yoyo, Malam ya sa hannu. Amma har yau, duk ranar da na je gida, Goggo sai ta ja ni gefe ta rage murya ta ce, "Ya wajen Hasumiya? Kun shirya dai ko?"