Ƙungiyar ɗaliban Somaliya ba wurin tambayar dangi ba ce

Unguwar Cedar-Riverside ta birnin Minneapolis, wadda ake wa laƙabi da ƙaramar Mogadishu, tana jikin Jami'ar Minnesota, tsallaka titi ne kawai. Amma ga yaron da iyayensa suka tsere wa yaƙin basasar Somaliya na 1991, suka share shekaru a sansanin Dadaab na Kenya kafin su samu shiga Amurka, wannan tsallakawa ba ƙaramin aiki ba ce. Galibi shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a. Ba shi da yayan da zai nuna masa yadda ake cike takardar neman tallafin karatu. Shi ne ma ke raka mahaifiyarsa asibiti yana yi mata tafinta.

A nan ƙungiyar ɗaliban Somaliya ta jami'ar take cika gurbin yaya. Na gaba su ja na baya, a yi bitar darasi tare, a haɗu a sha ruwa da azumi. Sai daren al'adu na shekara-shekara: 'yan mata sanye da doguwar rigar dirac, samari da zanen ɗaurawa na macawis, ana rawar gargajiya ta dhaanto, ga sambusa da shinkafa da ayaba a gefe kamar yadda ake ci a gida. Wasu na cewa wannan killace kai ne, yaran suna gudun cuɗanya da sauran ɗalibai. Ban yarda ba. Ɗalibin da ya san yana da mutanensa a bayansa ya fi ƙarfin gwiwar ɗaga hannu a aji.

Abin da nake tsoro daga cikin gida yake. Tun taron sulhu na Arta a Jibuti a 2000, ana raba kujerun majalisar Somaliya ne da tsarin 4.5: manyan dangogi huɗu, Darod, Hawiye, Dir da Rahanweyn, kowanne kaso guda, sauran ƙananan dangogi duk su raba rabin kaso. Yaran da aka haifa a Minnesota ba su ga yaƙin ba, amma sun ji labarinsa a falo, kowane gida da irin nasa. Ga kuma batun Somaliland, yankin arewa da ya ayyana ɓallewa daga Somaliya ranar 18 ga Mayu 1991. Ko tutar da za a rataya a dandamali kan iya raba kan ɗalibai.

Ai suna da abin koyi a tarihinsu. Ranar 15 ga Mayu 1943 matasa 13 suka kafa ƙungiyar da ta zama SYL, wato Ƙungiyar Matasan Somaliya, a Mogadishu, kuma 'ya'yanta sun ƙi yarda a san su da sunan dangi. Su suka ja ragamar neman 'yanci har 1960.

Don haka ma'aunin ƙungiyar ɗalibai a wurina shi ne zaɓen shugabanninta. Shin ɗiyar Hargeisa ta Somaliland za ta iya tsayawa takara ɗan Kismayo ta kudancin Somaliya ya mara mata baya? Ɗalibin da ya fito daga Jigjiga ta Habasha ko Garissa ta Kenya, za a ɗauke shi ɗan gida? Sannan Somaliyawa Bantu, wato tsiraru masu asalin Bantu, waɗanda aka daɗe ana raina su tun a can gida, a daina kiransu ranar rawa kawai. A ba su kujera a kwamitin da ke riƙe da kuɗi da tsara shirye-shirye.