Jirgin nan shi ne titinmu, a daina kwantar da mu a ƙasa

Daren Alhamis ɗin da ta wuce, 'yata mai shekara shida ta kwana a ƙasan jirgin ruwa, kwana biyu kacal bayan an yi mata aiki a kunne. Rigar sanyina na ninke mata ta yi matashi. Har yanzu raina bai huce ba.

Shekarata uku ina aikin kula da tsofaffi a Lerwick, babban garin tsibiran Shetland da ke arewa da Sikotland. Mu wajen dubu 23 ne a tsibiran nan, kuma duk ciwon da ya fi ƙarfin asibitinmu birnin Aberdeen ake tura shi, sama da kilomita 300 a kan teku. Ba gada, ba titi. Ko dai jirgin sama daga filin jirginmu na Sumburgh, wanda hazo kaɗan ke hana shi tashi, ko jirgin ruwan dare. Likita ya hana yarinyar hawa sama saboda kunnen, to ruwa ya zama dole.

Jirage biyu ne na fasinja, ɗaya na tafiya ɗaya na dawowa. Idan kai tsaye ne, a tashi ƙarfe 7 na yamma a sauka 7 ko 7 da rabi na safe. Namu na dawowa daga Aberdeen ya biya ta garin Kirkwall a tsibiran Orkney, tun ƙarfe 5 muka tashi, awa 14 da ɗoriya. Da aka sallame mu na ruga neman ɗaki. Wai babu, 'yan yawon buɗe ido sun kama tun watannin baya. Don Allah, wa yake sanin ranar da za a sallame shi daga asibiti tun wata huɗu kafin lokacin?

Abin da ya fi ƙona min rai, a da ana sayar da gado ɗaiɗai, mata su haɗu a ɗaki guda, maza a nasu. Da korona ta zo a 2020 aka dakatar, shi ke nan. Na ga mutum ɗaya ya shige ɗaki mai gado huɗu ya ja ƙofa, gadaje uku sun kwana babu kowa, mu kuwa muna kan baranda. Aka ce in biya kuɗin kujerar da ke kwantawa baya. Na biya. Yaron da kansa ke naɗe da bandeji ba ya iya barci a kishingiɗe, kuka take tana cewa, "Umma, kunnena na bugawa." Dole na sauko da ita ƙasa, kusa da ƙafafun mutane.

Da muka doshi tsibirin Fair Isle, inda ruwan Atilantika ke karo da na Tekun Arewa, jirgin ya fara tangal-tangal. Ta yi amai sau uku. Wata tsohuwa 'yar Shetland da ke dawowa daga gashin ciwon daji, ita ma a kujera take, ta miƙo mana leda da ruwa, ta riƙe min yarinyar har na je na yi alwala. Ma'aikatan jirgin ba su da laifi, wani cikinsu bargo biyu ya kawo mana. Tsarin ne ruɓaɓɓe.

Ban ce a kori baƙi ba, garin na cin abinci da su. Amma gwamnati na zuba kuɗin harajinmu a wannan hanya ne don mazauna su rayu. A ware ɗakuna ko shida ne kowane dare, kada a sayar sai saura kwana biyu, a ajiye wa marasa lafiya da masu zuwa jana'iza. A dawo da gado ɗaiɗai ga mai so. Na rubuta takardar koke ranar Juma'a, kuma ranar 9 ga watan gobe za mu sake komawa a duba kunnen. Na duba ɗazu da safe, ɗakunan daren nan ma sun ƙare.