Masu jiran gwajin fitsari kafin a duba furostet

Tun da labari ya fara yawo a WhatsApp cewa yanzu da fitsari kawai ana gano sankarar furostet, wato ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wasu dattawanmu na Agege da Mile 12 suka samu mafaka. Ka ce, "Alhaji, ka haura hamsin, a je a duba ka mana," sai ya ce bari dai na fitsarin ya iso Legas. Ni a ganina wannan jiran gawon shanu ne.

Gwajin ba ƙarya ba ne. A shekarar 2012 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani mai suna PCA3, wanda ke auna wani sinadari da ƙwayoyin sankarar ke fitarwa da yawa cikin fitsari. Abin da masu yaɗa labarin ba sa faɗa shi ne, kafin a karɓi fitsarin sai likita ya sa safar hannu ya danna furostet ɗin da yatsa ta dubura. Wato abin da ake gudu, shi ne matakin farko! Daga baya an samu irin su ExoDx da ba ya buƙatar yatsa, kuma masana a Jami'ar Michigan sun fitar da wani da ke duba ƙwayoyin halitta 18. Amma dukkansu aikinsu ɗaya ne: su taimaka wa likita ya san wa za a tsinko wa ɗan nama a kai ɗakin bincike, wa za a bari tukuna. Naman nan shi ke tabbatar da cutar.

Abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne ruɗani. Gwajin fitsarin da ake yi a ƙananan ɗakunan gwaji na unguwa, wanda ake tsoma 'yar takarda mai launuka a kwalba a jira minti ɗaya ko biyu, sukari yake dubawa, da furotin, da jini, da alamun ƙwayoyin cuta. Mutum zai karɓi sakamako a ce masa fitsari lafiya lau, ya koma kasuwa da murna, alhali ba a ko taɓa zancen furostet ba.

Mun kuma san yadda ake yi. Mutum ya tashi da buta sau huɗu cikin dare, ya tsuguna ya daɗe, fitsarin na ɗiga kaɗan-kaɗan, ya yi alwala ya shiga sahu sai ya ji ɗigo a wando. Ba zai faɗa wa kowa ba, ko uwar 'ya'yansa. Sai ya tsaya wajen mai lasifika ya sayi gorar maganin sanyi. Yawanci wannan kumburin furostet ne na girma, ba sankara ba, kuma yana da magani. Ita sankarar a farkonta sau da yawa ba ta nuna komai, sai ta shiga ƙashi, ciwon baya da ƙugu su hana barci, sannan a kwashi mutum zuwa asibiti. Allah Ya tsare.

Ga shi mu baƙar fata ta fi kama mu. A Ingila ƙiyasin da ake bayarwa shi ne ɗaya cikin baƙaƙen maza huɗu zai kamu da ita a rayuwarsa, yayin da a maza gaba ɗaya ɗaya ne cikin takwas. A Nijeriya kuwa ita ce sankarar da ta fi yawa a maza.

Abin da ke hannunmu yau gwajin jini ne na PSA, wani sinadari da furostet ke fitarwa, wanda yawansa a jini kan ƙaru in akwai matsala. Ba cikakke ba ne, gaskiya. Kumburi ko ciwon mafitsara na iya ɗaga shi, shi ya sa ma aka nemo na fitsarin. Amma da shi ake farawa, daga shekara 45, musamman in mahaifi ko ɗan'uwa ya taɓa yin cutar. Mutanen Idi-Araba ba su da uzuri, asibitin koyarwa na LUTH na ƙofar gidansu, da cibiyar sankara da aka buɗe a 2019. Na Agege ga asibitin koyarwa na LASUTH nan a Ikeja.

In za a je, a haƙura da kwanciya da iyali na kwana biyu kafin a ɗibi jinin, don hakan na iya ɗaga lambar PSA ɗin. In kuma wani ya ce zai yi maka gwajin fitsari na sankara, ka tambaye shi sunan gwajin da inda za a aika fitsarin, ka kai wa likitan mafitsara amsar kafin ka biya ko sisi.