Kiɗan da ba ya kiran sunan kowa

Shekarata shida a Berlin, amma baƙunta ba ta taɓa kama ni kamar daren da na je Atonal, wani bikin kiɗan na'ura, ba. Wani abokin aikina Bajamushe ne ya saya mini tikiti, ya ce in zo in ji kiɗan da ya fi so a duniya.

Wurin tsohuwar tashar wutar lantarki ce da aka gina zamanin Jamus ta Gabas. Shi bikin an fara shi a 1982, ya tsaya a 1990, aka farfaɗo da shi a 2013 cikin wannan gini. Siminti ne tsirara ko fenti babu, ginshiƙai jibga-jibga, rufin ya yi nisa har ido ba ya kai masa saboda duhu da hayaƙin da ake fesawa. Jama'a maƙil, yawancinsu cikin baƙaƙen kaya. Tun a bakin ƙofa abokina ya miƙo mini wasu 'yan robobi biyu, ya ce in toshe kunnena.

Wata mata ce a kan dandamali, gabanta tebur cike da na'urori da wayoyi sun sarƙe da juna. Ba ta gaishe mu ba, ba ta ɗaga kai ba. Sai wani gurnani ya taso daga ƙasa, kamar an kunna babban janareto a ƙarƙashin ƙafarka, har haƙarƙarina yana karkarwa. Can sai ƙara mai tsini kamar ana goga ƙarfe a dutsen niƙa, sai tsit, sai wani abu kamar ɗigar ruwa cikin randa. Haka aka kwashe kusan minti arba'in. Babu amshi, babu inda ƙafa za ta taka. Na kusa da ni ya rufe ido, ya harɗe hannu a ƙirji, ko gezau bai yi ba har aka gama.

Da muka fito aka tambaye ni yadda na ji, na ce gaskiya ban kama kansa ba. Sai wata cikin abokan tafiyarmu ta ce, da fara'arta: “Ai ku can kiɗanku na jiki ne, na rawa. Wannan na tunani ne, sai an koyi saurarensa.”

Na san ba da nufin cin fuska ta faɗa ba, amma har na kwanta maganar tana cina. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai kalangu yana matse tsarkiya a hammatarsa, ganga tana fitar da magana da hawa da saukar harshenmu, ya san wane kiɗa ne sai an koyi saurarensa. Baƙo zai ji ana duka ne kawai. Ɗan gari kuwa yana jin sunan mutum da na ubansa da sana'arsa, har da habaicin da aka jefi abokin hamayyarsa da shi.

Shi kansa wannan kiɗa na na'ura ba Turawa kaɗai ke da shi ba. In ana zancen asalinsa, suna yawan ambaton Bafaranshe Pierre Schaeffer da gwajin da ya yi a Paris a 1948, da Bajamushe Stockhausen a ɗakin rediyon birnin Kolon na Jamus. To tun 1944 wani Bamisire, Halim El-Dabh, ya naɗi muryoyin matan zar a Alƙahira, bikin da ya yi kama da borinmu, ya shiga da su ɗakin rediyo ya jujjuya sautin. A Yamai ma, Mamman Sani ya naɗi kiɗansa da fiyanon lantarki a 1978, kuma mutanen Nijar sun daɗe suna jin sa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin.

Ba na cewa matar nan ba ta iya ba. Akwai wani ɗan lokaci da gurnanin ya sauka a hankali, na ji tsigar jikina ta tashi, kuma ba zan musanta wannan ba. Na kuma yarda cewa waƙoƙin fiyano da ke fitowa daga situdiyoyin Kano da yawansu sun zama kwano ɗaya miya ɗaya, mai neman sabon abu yana da hujjarsa. Amma kiɗan da aka cire masa amshi, aka cire masa take, aka bar kowa ya ji abin da ya ga dama shi kaɗai cikin duhu, ni ban ga 'yancin da suke yabo a cikinsa ba. Kaɗaici na gani. Mutane da yawa haka a ɗaki guda, kafaɗa na gugar kafaɗa, kuma babu wanda makaɗiyar ta san da zuwansa. A wurina makaɗi shi ne wanda ya hango ka ka shigo fili, ya sauya hannu dominka.

Mahaifina mahauci ne a Zariya, Allah ya jiƙansa. Yana da takensa. Ranar kasuwa, da mai kalangu ya hango shi ya karyo kwana sai ya saki abin da yake kaɗawa ya ɗauki nasa. Ina riƙe da gefen rigarsa, ina jin yadda takunsa ke sauyawa, ya gyara zaman hularsa, ya zura hannu a aljihu. A nan ina da aiki, ina da takardu, maƙwabtana mutanen kirki ne, amma a shekara shida ba a taɓa sauya komai ba don na shigo wuri. Ɗana yana da shekara biyar, bai taɓa jin taken kakansa ba.

Washegari na kira ƙanena, na ce ya nemi makaɗin nan ya naɗo mini taken Baba ya turo ta WhatsApp. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Yaya, ai ya rasu tun bara waccan, ɗansa kuma acaɓa yake yi.” Ya ce ranar Juma'a zai leƙa mahauta ya tambayi dattawa ko akwai wanda har yanzu yake riƙe da shi.